Karen Injiniya Yana Kiwon Mutanen Unguwarmu

Zuwa ga Mai Girma Uban Ƙasarmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina miƙa gaisuwa, da fatan iyali suna lafiya, ya kuma haƙuri da jama'a. Ni manomin albasa ne a Lahodu, ban taɓa kai ƙarar mutum ba balle dabba, sai yau da na kawo ƙarar wani kare. Na rubuto a fili ne domin mai karen ɗan ƙanenka ne, Injiniya, kuma duk wanda na aiko da saƙon baki sai ya dawo ya ce ya manta.

Na ɗaya. Bayan ƙaramar Sallah Injiniya ya dawo daga Abuja da wani kare mai gashi buzu-buzu, fari da baƙi, wai don gadin gida. Karen nan ba ya cizo, ba ya haushi, ɓarawo ma na tabbata rakiya zai yi masa. Ashe kakanninsa kiwon tumaki suke yi a ƙasar Turawa, shi kuwa Injiniya ko akuya ba shi da ita. Kullum ya tafi aiki Sakkwato sai ya bar ƙofa a buɗe. Kare ya leƙo unguwa, ya ga ba mai kiwonmu, ya ɗauki aikin.

Na biyu. Da agwagin maƙwabta ya fara, ya koma kan jakunan masu kai albasa kasuwar Goronyo, yanzu ya kai ga dattawan majalisa. Sai ya kwanta rub da ciki, ya ƙura maka ido, ya zagayo ta bayanka, kafin ka ankara ka tashi ka matsa inda yake so. Ladaninmu, wanda ko hadari ba ya tada shi daga tabarma, na gan shi da idona ana kora shi da buta a hannu. Don kada in ci haƙƙin kare, layin karɓar taki bai taɓa miƙewa kamar bana ba.

Na uku, wanda shi ne ya sa ni rubutu. Mahaifiyata, Inna, ta tsufa ƙwarai. Tun rasuwar Baba ba a yi layya a gidanmu ba, naman maƙwabta muke jira. Bara ta ce tana son ta ga an yanka a ƙofarta ko sau ɗaya kafin ta koma ga Allah. Na sayi ɗan rago, na bi shi da harawa da dusa har ya cika ido. To shi ne abin kiwo na gaskiya da karen nan ya samu, sai ya ɗora masa duk ƙaunarsa. Yana tsallake danga, rago ya tsinke igiya, su zaga gari su dawo. Rago ya zube. Ranar Laraba ya faɗa ramin da ake haƙar ƙasar gini, ya gurɗe ƙafa, liman kuma ya ce rago mai ɗingishi a bayyane ba ya layya. Kowace safiya Inna takan tambaye ni, “Ragon ga ya taka ƙafa?” Sai in ce mata da sauƙi, in fita da sauri. Wallahi abin yana ci mini rai.

Na huɗu. Na sami Injiniya, ya ce ba laifin kare ba ne, a jininsa abin yake, ya jero mini asalinsa har kakan kakansa, ni da ban san nawa asalin ba. Na yarda a jini yake. Amma jakina ma a jininsa harbi yake, na hore shi, ina kuma ɗaure shi. Karen ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci, da fito ake ba shi umarni, Injiniya kuwa bai tsaya ya koyi fiton ba. Ni ba na jin haushin kare. Shi kaɗai ne ma'aikacin da na sani wanda bai taɓa fashin zuwa aiki ba.

Roƙona, ranka ya daɗe: a sa Injiniya ya rufe ƙofarsa har bayan Babbar Sallah, ko ƙafar ragona ta samu ta warke. Daga nan ya koyi sarrafa dabbarsa, ko ya saya masa tumaki nasa na kansa, ko ya ba makiyayan garin Giyawa shi, inda zai yi suna.

Ina roƙon a hanzarta, domin a zauren Injiniya nake wannan rubutu. Tun hantsi kare ya tara mu a nan, ni da ladan da mai shayi da agwagi, da ragona yana tsaye da ƙafa uku. Shi kuma ya kwanta a bakin ƙofa yana ƙirga mu da ido. Inna tana gida, ta aiko a tambaya ko rago ya taka ƙafa, ɗan aiken ma ga shi nan zaune kusa da ni.

Allah ya ja zamaninka, ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ikon tara jama'arka kafin kare ya gama tara su.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Manomin albasa, Lahodu, ƙasar Wurno