Takalmin Auta Yana Cikin Buhun Shinkafa

Malama, don Allah ki taimaka mini, falona ya koma kotu. 'Ya'ya uku Allah ya ba ni: babbansu lauya ne, mai bi masa likita ce, Auta kuma ɗan ƙwallo. Da ina taƙama da su a cikin ƙawaye, yanzu kuwa sun haɗu sun mayar da ni baƙuwa a gidana.

Likitar nan ita ce take duba 'yan wasan ƙungiyar da Auta yake bugawa. Kwanan baya ya dawo daga fili yana ɗingishi, ta kai shi aka ɗauki hoton gwiwarsa. Na tambaye ta me aka gani, sai yarinyar da na yi wa wanka da hannuna ta gyara gilashi ta ce mini wai sirrin majiyyaci ne. Na juya wajen yayansu ya tsawatar mata, shi kuma ya miƙe tsaye, hannu a baya, ya ce tsarin mulki ya kare sirrin kowane baligi. Baligin da har yau ni nake tsince masa safa a bayan kujera.

Su biyun ma ba su daidaita ba. Ita ta rubuta wa koci cewa Auta bai isa buga wasa ba. Shi Lauya ya ce ta tauye wa yaron haƙƙin sana'arsa, jikinsa ne, shi yake da iko da shi, har yana barazanar kai ƙanwarsa ƙara. Kuma wasan da ke tafe shi ne wanda masu sayen 'yan wasa za su zo kallo. Auta ya ce ko da allurar kashe zafi sai ya buga.

Ni ban yi boko mai nisa ba, amma ina da ido. Na ga yadda yake dafa bango kafin ya zauna. Ina tsoro, Malama, kada yaron nan ya gurgunce a kan wasa ɗaya. Shi ya sa na ɗauke takalmin ƙwallonsa na ƙafar hagu, na tura cikin buhun shinkafa. Lauya ya ce duk wanda ya ɗauka ya take 'yancin zirga-zirga, na ce Allah ya tona asirin ɓarawon. Auta kuwa bai sayi wani ba, bai ara ba. Jiya ya shigo kicin shan ruwa, ya kalli buhun, ya kalle ni, ya fita. Shin na yi laifi? Kuma yaya zan sa likitar nan ta buɗe baki?

Uwar Lauya da Likita

Hajiya, sannu da shari'a. Laifi kam kin yi, amma ɗan ƙarami ne, irin wanda alƙali zai yi dariya ya kore.

'Yarki tana kan daidai. Abin da likita ta gani a jikin baligi nasa ne, ko da ita da shi nono ɗaya suka sha. Ta gaya wa koci bai isa wasa ba, ta tsaya nan, aikinta ke nan. Ki daina matsa mata, ita ma ba daɗi take ji ba.

Lauyanki ya faɗi rabin gaskiya da babbar murya. Auta yana da ikon ƙin magani, yana da ikon a yi masa bayani dalla-dalla, yana kuma da ikon zuwa wajen wani likitan ƙashi da ba ruwansa da ƙungiyar ko gidanku. Wannan na ƙarshen ma ina ba da shawarar a yi, don zargi ya fita daga kan yarinyar. Amma ban san tsarin mulkin da ya tilasta wa koci saka gurgu a fili ba, ko ya tilasta wa likita yin allurar da ta san za ta ƙarasa gwiwa. Ki ce masa ya adana bakinsa don ranar da ƙungiya za ta nemi yasar da ƙanensa saboda rauni, a nan ake buƙatarsa.

Sai batun buhu. Hajiya, ɗan wasan da ya ƙudurta shiga fili ba ya rasa takalmin aro. Auta ya san inda nasa yake, ya bar shi. Ina jin shi ma tsoron yake ji, ya rasa wanda zai faɗa wa, don kowa a gidan magana yake yi a kansa, ba wanda ya yi da shi.

Ki ciro takalmin, ki kaɗe shinkafar, ki kai masa ɗakinsa ki turo ƙofa. Doka ta hana likita ta gaya miki, amma ba ta hana ɗanki ya gaya wa uwarsa ba. Ki zauna a bakin gado ki tambaye shi ina ke ciwo. Allah ya ba shi lafiya, ya sanyaya miki rai.