Abin da Ka Rubuta a Layin 'Yan Banda

Lamisula, Maiduguri
8 ga Yuli, 1985

Zuwa ga abokina Dzarma,

Kai da ka tashi a gindin buhunan banda, yaushe ka manta yadda dattawan kasuwa suke magana? Na san da gaisuwa ake farawa, to ga ta. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kana lafiya, kai da Edith da jaririya. Yaya ƙafar mahaifiyarka Mama Rhoda? Inno, mahaifiyata, ta ce ka hana ta zuwa Biu a bayan mota, shekarunta sun wuce haka. Mu ma lafiya lau, in ban da abin da ka jawo mana.

Shekaranjiya aka manna takarda a bakin layinmu a Kasuwar Kwastam. Ni na karanta wa mutane. Wai binciken ofishinku ya nuna ciniki na tafiya da kyau, saboda haka bayan damina za a rushe rumfuna a gina shagunan bulo, mai ƙarfi ya shiga. Baba Umara, mahaifina, shekara ashirin da shida yana zaune a rumfar nan. Ina zai nufa?

Kai ne ka zo da takardun binciken, biro a aljihu, oganka a bayanka. Ka bi dattawa ɗaya bayan ɗaya kana tambayar yaya kasuwa, kowa ya ce maka sai godiya, kai kuma ka rubuta ciniki lafiya. To me kake so su ce? Ranar da gobara ta cinye rumfar Alhaji Maikuɗi, da toka a gemunsa, sai godiya ya ce. A wajensu kuka da kasuwa butulci ne ga Allah, kuma tonon asiri ne a gaban maƙwabci. Baƙo zai iya ruɗewa. Kai fa?

Kai ka ga kasuwar nan lokacin da take kasuwa. Motocin Baga su shigo da hantsi, lodi har sama, ƙanshin hayaƙin kifi ya kai unguwar Dala. Mutanen Onitsha su yi sati suna ɗaurin kaya. Ga 'yan Chadi, ga 'yan Kamaru, ga matan Shuwa da ƙwaryar man shanu, kowa na ciniki da yaren da ya fara zuwa bakinsa. Baba ba ya samun sararin cin abinci sai la'asar, Mama Rhoda ta tsaya a kansa tana faɗa wai zai kashe kansa a kan kifi. Ni da kai muna kan buhu, ka dawo daga makaranta, ka nuna mini baƙaƙe kana ce mini jaki. Sauran karatun ni na ƙwata da kaina daga tsofaffin jaridun da ake naɗe kifi, har yau idan na buɗe littafi sai in ji kamar zai yi ƙarni.

Yanzu fa? Tafkin Chadi ya ja baya, masunta sai sun yi tafiyar yini kafin su ga ruwa. Iyaka a rufe tun bara. Audu na layinmu ya koma tura baro, Manasse mai ɗaurin kwali ya tafi Jos. Kullum da safe Baba yana jera kwanduna a baya ya lulluɓe da tabarma don rumfa ta yi kamar cike take. Babu ko ƙaya a cikinsu. Da hannuna nake taya shi jerawa.

Ka ba ni amsa. Ka gaida gida.

Naka,
Ajimi

Lamisula, Maiduguri
22 ga Yuli, 1985

Dzarma,

Gaisuwa mai yawa, da fatan zazzaɓin jaririya ya sauka. Inno ta aiko mata da man shanu, yana hannun mai kawo wannan takarda.

Amsarka ta iso. Ka ce aikin akawu shi ne rubuta abin da aka faɗa, kuma oganka na tsaye a kanka. Sannan ka tuna mini cewa ni ma ka tambaye ni. Kwana uku na yi ina zaginka a raina saboda maganar nan ɗaya. Gaskiya ne. Ka tambaye ni, Baba yana zaune yana kallona, ni mai bakin da duk layi ke tsoro, na buɗe baki na ce sai godiya. Ban iya kunyata shi a gaban baƙo ba. Wannan nawa ne, na ɗauka.

Baba ya hana ni sake rubuto maka. Ya ce ɗan Rhoda bai yi laifi ba. Jiya na gan shi a Dala yana duba gindin wata bishiyar maina, yana aunawa da ƙafa ko tabarma biyu za su shiga. Da ya gan ni sai ya ce inuwa yake sha.

Dattawan nan ba za su taɓa faɗa ba, ko rumfa na faɗo musu a ka. Dole wani ya faɗa a madadinsu, kuma takardar a hannunka take. Ni zan tsaya kusa da kai, ko Baba zai yi shekara bai yi mini magana ba. Ranar Alhamis bayan azahar duk layi suna zaune. Ka zo da oganka, ka karanta abin da ka rubuta da ƙarfi, sannan ka faɗa a gaban mutanen da suka goya ka: da kake rubutawa, ka yarda da shi, ko ba ka yarda ba? Kada ka aiko mini da wata wasiƙa. A can za ka amsa.

Allah ya ƙara wa jaririya lafiya.

Abokinka tun kan buhu,
Ajimi Umara