Ni Ce Na Buɗe Jarkar Irin Waken Iya

Assalamu alaikum Anti Mas'uda. Don Allah ki taimake ni. Abin da zan faɗa miki ko ƙawata Sadiyya ba ta sani ba.

Ina aji ɗaya a ƙaramar sakandare a nan Roni, kuma ni ba mai magana ba ce. Tun da muka shiga ban taɓa ɗaga hannu ba. A zangon da ya wuce malamin Turancinmu, Malam Haladu, ya koya mana kalmar bean. Ya ce mu da an ce wake sai mu tuna ƙosai da alale, amma su Turawa da wannan kalma ɗaya suke kiran wake da waken suya, har da 'ya'yan kofi da na koko. Wai yaron da ba ya zama wuri ɗaya ma sai su ce cike yake da wake. Aka yi ta dariya. Sai ya ce kowa ya zo da irin na gidansu, ya tsaya gaban aji ya yi bayaninsa da Turanci.

Na san kowa farin wake na kasuwa zai kawo. Mu kuwa Iya, kakata, tana da wani irin wake da ake kira kanannado, mai manyan 'ya'ya, da ta gada wurin mahaifiyarta. Duk kaka takan zaɓi iri, ta shanya, ta cika jarka, ta sa leda a baki ta ɗaure murfin tam don kada iska ta shiga. Ba a buɗewa sai ranar shuka. Da ta tafi bikin suna a garin Gwiwa sai na shiga ɗakinta na ɗebi cikin hannu ɗaya. Na ji motsi a tsakar gida, na mayar da murfin a gurguje, ledar ma ban mayar ba.

Anti, ranar na yi magana a aji. Na gama bayanina, har Malam ya sa aka tafa mini. Ban taɓa jin daɗi irin haka ba.

Makon jiya na leƙa jarkar. Ƙwari sun shiga, waken ya yi ɓuli-ɓuli, ga gari a jikinsa. Gajimare sun fara haɗuwa, Iya kuma kullum maganarta harawar da za ta tara wa awakinta bana. Ba duka nake tsoro ba, ba ta taɓa dukana ba. Kallon da za ta yi mini nake tsoro.

Ni dai na yanke shawara zan zubar da wannan in cika jarkar da farin wake daga buhun Kawu Lado. Har na fara tarawa a gwangwanin madara. Kuma na daina ɗaga hannu a aji.

'Yar lelen Iya, daga Roni.

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ki fara da mayar wa Kawu Lado wakensa. Matar da ta gaji iri wurin uwarta za ta gane baƙon wake tun yana tafin hannunta. In ma ya wuce mata, gona za ta tona, lokacin damina ta yi nisa, irin kuma ya tafi ke nan. Yanzu kuwa da sauran gyara.

Kin yi kuskure, ba zan ɓoye miki ba. Da kin tambaya, da ita da kanta za ta ɗebo miki ta rufe abinta. Amma ba sata ta kai ki ba, kin so ne ki nuna abin gidanku da kike alfahari da shi. Ki faɗa mata wannan ma.

Ki same ta yau, kada ki bari sai gobe, domin ƙwari ba sa jiran mai kunya. In bakinki ya ƙi buɗewa, ki ɗauko jarkar ki ajiye a gabanta. Ku baza waken a rana mai zafi, ku tsince lafiyayyun. Wanda ɓulinsa bai yi yawa ba yakan tsiro. Ku naɗe kaɗan a jiƙaƙƙen tsumma na 'yan kwanaki ku gani. Wake kuma ba a ruwan farko ake shuka shi ba, sai gero ya tashi, don haka kuna da lokaci. In bai isa ba, Iya ta san maƙwabtan da ta taɓa ba irin nan, za su sammata.

Za ta iya yin faɗa, tana da gaskiya. Ki saurara, ki ba ta haƙuri, sannan ki roƙe ta bana ta koya miki ɗaurin jarkar da hannunki.

Batun aji kuwa ban yarda ba. Murfi kika bari a sake, hannun da kika ɗaga bai yi laifin komai ba. Allah Ya ba ku damina mai albarka, Ya sa ke ce za ki miƙa irin nan ga na bayanki.

Anti Mas'uda