Gyaɗar da Ake Warewa Ana Kaiwa Takiyya

Zuwa ga Shugaban masu niƙan gyaɗa, Kasuwar Umdurman.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Baba Alhaji, na daɗe ina juya wannan magana, domin tare kuka yi aikin gona a Jazira da marigayi mahaifina. Sau biyu na zo rumfarka, na sha shayi, na tashi ban faɗa ba.

Na farko. Na ga yadda ake tsince gyaɗa a wurinku. Mai kyau a kai kasuwa. Wadda ta yi funfuna ko ta motse a soya ta, a niƙa ta zama dakwa, wato niƙaƙƙiyar gyaɗar miya, a kai sadaka takiyyar unguwarmu a Alsahafa, inda ake dafa wa jama'a abinci tun da yaƙi ya tagayyara mu.

Na biyu. Ma'aikatanka sun ce mini wuta tana kashe komai. Aikin gwajin jini na karanta a jami'a, kuma ina shaida maka ba haka ba ne. Funfunar tana mutuwa, gubar da ta bari ba ta mutuwa. Tana taɓa hanta, tana kuma raunana fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne masu tare cuta. Sai ƙaramin ciwo ya kwantar da mutum.

Na uku. Mahaifiyata daga tukunyar wannan takiyya take ci. Tun damina take fama: tari ya tafi, zazzaɓi ya zo, gyambon ƙafarta ya ƙi rufewa. Ban ce dakwarku ce sanadi ba, domin ba ni da na'urar da zan tabbatar. Amma na buɗe bokitin dakwar da kuka kai, na ji warinsa. Ita na hana ta ci. Sauran tsofaffin da ke bin layi fa?

Roƙona: a binne wadda aka ware, kada a ba mutum ko dabba. A ɗaga buhuna daga ƙasa mai laima. Sadakar ta fito daga mai kyau, ko da rabi ce. Idan hannu ya yi kaɗan, zan zo tsinta duk Asabar.

Hajiya mahaifiyata ta tambaye ni me ya sa na raba ta da miyar takiyya. Na kasa ambaton sunanka, domin bayan kowace salla kai take sa wa albarka.

Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya karɓi niyyarka, Ya sa albarkar nan ta tabbata.

Wassalam.
Ɗan amininka, daga Alsahafa.