Giya Ta Biyu

Silgayiri, ranar Laraba

Zuwa ga Kawu Nowaga, a garejinsa na Kaya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali. Na ba Poko wannan takarda, tsohuwar nan mai jaki da ke ratsa daji tana kawo mana gero, don tun da masu bindiga suka kayar da turken waya ba mu da wata hanyar magana.

Wata huɗu ke nan da mijina Sibiri ya fita bai dawo ba. Na daina tsayuwa a bakin hanya. Yanzu kuma ƙafar mahaifiyarsa, Yaba, ta kumbura har gwiwa, ta fara wari, ga asibitinmu a rufe. Ba za ta iya kwana uku a kan jaki ba. Ina so in fito da ita da 'yata Awa a kan tsohon babur ɗin Sibiri. Namiji ba ya wucewa, amma wani lokaci sukan ƙyale mata. Ina da fetur lita huɗu a binne.

Babur yana tashi, giya ce matsalar. In na taka sandar giya sai ta zauna a ƙasa, sai na ɗago ta da yatsan ƙafa. In ya shiga ta biyu kuma, da na ba shi wuta sai ya yi ƙara ya fice daga giyar. Ka gaya mini abin da zan yi.

Na bar ka lafiya.
'Yarka, Rasmata

Kaya, ranar Talata

Wa alaikumus salam, Rasmata mai taurin kai. Kowa lafiya, suna gaishe ki. Da na ce ki haƙura, amma na san uwarki, don haka ba zan ɓata tawada ba.

Ke da kike kwance keken ɗinki ki mayar, wannan ma keke ne, ƙazanta kawai ya fi shi. Fara da mai sauƙi. Taɓa hannun kuloci: in yana lilo da yawa kafin ya kama, ɗaure wayar har wasan ya rage kamar kaurin tsinken ashana biyu. Duba notin da ya riƙe sandar giya, ko ya saki. In duk lafiya amma sandar ba ta dawowa, sifirin ɗin ciki, naɗaɗɗen ƙarfen da ke mayar da ita, shi ne ya karye. Fasa sabulun da Poko za ta ba ki, na cusa sabo a ciki, don in suka ga kayan babur ƙwacewa suke yi.

Ba ki da baƙin mai na canji, saboda haka kada ki tsiyaye. Kwantar da babur a gefen hagu, ki buɗe murfin dama. Jera notocin a tire yadda kika cire su, ba tsawonsu ɗaya ba. Cusa tsumma a haƙoran giya kafin ki kwance kuloci. A bayansa za ki ga sifirin mai ƙafa biyu, su ne za su rungumi ɗan ƙarfen da ya fito. In takardar bakin murfi ta yage, yanka kwalin sukari madadinta. Ki tsamo duk guntun ƙarfen da ya faɗa ciki, ko da farcenki zai tafi.

Maganar giya ta biyu, gama wannan tukuna. Ki gaishe da Yaba, ki ce mata har yanzu ina jiran miyar ganyen da ta yi mini alkawari.

Kawunki, Nowaga

Silgayiri, ranar Lahadi

Assalamu alaikum, Kawu. Ina gaisuwa. Saƙonka ya iso, Allah ya saka da alheri.

Kwana biyu na yi a kai, cikin ɗaki, ƙofa a rufe. Sifirin ya karye gida biyu, na samu dukkan guntayen. Sau uku sabon yana tsalle yana yanka mini yatsa kafin ya zauna. Yanzu sandar tana dawowa da kanta. Na gwada a tsakar gida, ta ɗaya da ta uku suna shiga lafiya. Ta biyu tana nan yadda take.

Yaba tana kwance tana kallona ina aikin. Da na gaya mata gaisuwarka sai ta ce, "Nowaga ne? Ai shi Sibiri ya yi ta jira." Na ce jiran me? Ta ce, "Ya ce zai zo masa da wani ƙarfe ranar kasuwa. Kasuwa uku ta ci bai zo ba, hatsi ya ƙare, yaron ya ce bari ya taka da ƙafa." Ni Sibiri bai taɓa gaya mini ba, cewa ya yi fetur yake tattali.

Kawu, ba rigima nake nema ba. Ina so in ji daga bakinka. Kuma ka yi sauri, ƙafar ta yi baƙi har ya wuce gwiwarta, ba ta cin komai sai ruwan gero.

Na bar ka lafiya.
Rasmata

Kaya, ranar Asabar

Wa alaikumus salam, 'yata. Ina gaishe ki.

Gaskiya Yaba ta faɗa. Sibiri ya kira ni kafin waya ta mutu, na ji ƙarar babur ɗin a kunnena na gane ciwon. Cokalin da ke tura giya ta biyu ne ya lanƙwashe, haƙoran kuma sun cinye. Sai an raba injin biyu, aikin da ba ya yiwuwa a ɗaki da sifana uku. Na sayi cokalin, na ɗaure jakata, na je tasha. A nan na ga an sauke gawar wani direba da na sani. Na dawo gida. Kowace kasuwa ina cewa mai zuwa. Da yana kan babur, wataƙila da ya tsere musu, wataƙila a'a. Na sha juya wannan a raina. Ban ce ki yafe ba.

Ga yadda za ki yi. Manta da ta biyu. Ja ta ɗaya har injin ya yi kuka, kama kuloci, taka sau biyu da sauri ki faɗa ta uku. Rage iskar tayar baya kaɗan saboda yashi. Sa Awa a kan tanki, ki ɗaure Yaba a bayanki da zane biyu. A mashigin rafin Bagtenga ki koma ta ɗaya tun daga nesa. Da nauyin mutum uku, in kika tsaya a yashin nan kuloci zai ƙone, ba ki ƙara tashi. Daga rafin har shingen sojoji fili ne, ana hango ki daga ko'ina. Kome kika ji, kada ki tsaya.

Zan jira ku a tasha kullum. Allah ya kiyaye hanya.

Nowaga

Bagtenga, ranar Alhamis

Assalamu alaikum, Kawu.

Mun fito jiya da hantsi. Babur bai ba ni matsala ba. Mutum biyu sun tare mu a wajen gari, suka dubi ƙafar Yaba, suka toshe hanci suka ce mu wuce.

Yaba tana ta yi mini magana a kunne har rafi, tana cewa in bi a hankali da yarinya. A tsakiyar yashi kanta ya sauko a kafaɗata, hannunta ya saki cikina. Na kira ta sau biyu. Awa ta ce, "Inna, Yaba ta yi barci?" Na ce e. Ban tsaya ba. Daga nan zuwa shingen tafiyar awa ɗaya ce da wani abu.

Sojoji ne suka kwance zanen. Matan garin sun yi mata wanka, an binne ta bayan la'asar. Wata malamar asibiti ta ce ko da na tsaya babu abin da zan iya yi. Ban sani ba ko don ta kwantar mini da hankali ta faɗa.

Fetur ya ƙare. Ranar Litinin akwai motar da za ta zo Kaya da rakiya, sun yarda su ɗora babur. Ka zo tasha ka karɓi Awa, tana bukatar wanda zai ɗauke ta. Ni hannuwana, tun riƙon kan babur, har yanzu ba su buɗe sosai ba.

Na bar ka lafiya.
Rasmata