Jiƙon Hajo a Kundina

Fagge, Talata da dare, 7 ga Rajab 1374

Yau da ɗana Sani ya taso daga aikinsa na akawu a tashar jirgi, na ba shi kundin magungunana ya kwafe, tunda idona ya fara gazawa. Ya yi ta buɗawa, can sai ya ce, "Baba, wannan ba mai iya bi sai kai. Yadda ake jiƙa tsamiya ka maimaita shi a kowane magani, nan kwana ɗaya, can kwana biyu. Wanne ne daidai?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Shekara arba'in ina ba mutane magani, yau akawu zai gyara mini?" Tun da ya shiga boko haka yake.

Ya sassauta murya. "A rubuta shi sau ɗaya a farko, a sa masa suna. Duk inda aka buƙace shi, a ambaci sunan kawai. Tsorona ranar da ba ka nan in cuci wani."

Kuskurena ne, amma ban ce ba. Na dai ce ya rubuta kwana ɗaya, ya kira shi Jiƙon Hajo, don marigayiya uwarsa ce ta koya mini. Da ya zo kan sunanta, sai da ya ajiye alƙalami.