Fitilar Baƙo

Kaura Namoda, bayan tashar mota

Zuwa ga Yaya Muhtari, Tungar Lado, ƙasar Zurmi

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da iyali duka. Allah ya ƙara mana haƙurin rashin Sagir, ya haskaka kabarinsa.

Yaya, da waya na so in yi maka maganar nan, to ka san tun satin da munka baro gida anka yanke sabis ko'ina. Shi ya sa na ba Dogo direba takarda. Mun sauka Kaura lafiya. Wata tsohuwa mai fura ta ba mu ɗaki, Baban Tani kuma yana fita dako a tasha.

Ban yi magana ba ranar da kunka kore mu, don kuka ya hana ni. Yau zan yi. Sagir ƙanena ne kamar yadda yake ƙanenka, a bayana ya yi wayo. Na san a zaurenka anka shirya a kai gero Zurmi ta hanyar rafi maimakon titi, kuma 'yan bindiga sunka jira masu kai geron daidai mashaya kamar an aika musu, nan sunka kashe shi. Na san kafin nan sun iske shanun gari a kwarin da anka ɓoye su. Kun ce akwai mai kai magana, ban musa ba. Amma da kunka duba zauren, sai kunka tsallake duk wanda anka haifa a Tunga, idonku ya sauka kan mutum guda, Baban Tani, don shi ɗan Badarawa ne kuma yana cin kasuwar Shinkafi duk Alhamis. Haba Yaya! Manja da gishiri yake sarowa, wanda matarka ma take saye.

Kuma mi ya zaunar da shi zauren? Ba kai ba ne? Da baƙon nan mai sayar da turare ya kwana wurinka ya bar maka fitilar sola don godiya, kai ka ce ba wanda ya iya da ita sai shi. Kai ka ce ya riƙa zama gindinta yana yi wa mutane cajin waya. Hidimarku yake yi, kunka tsaya ƙofar masallaci ranar Juma'a kunka kira sunansa, kunka ce infoma.

Ba abinci na roƙa ba, ba sutura ba. Sunansa nake so ku mayar masa. Ka tara mutanen nan ku sake dubawa.

Ga wani saƙo nasa, wallahi har haushi ya ba ni da ya faɗa. Wai in gaya maka a riƙa goge faifan solar da ke bisa rufin zaure kowace safiya, kuma kada a bar batirin ya ƙare ƙaf, in ba haka ba fitilar za ta lalace, mutane su rasa wurin caji. Ka ji mutumin da kunka kora.

A gaida Inna ƙwarai. Tani tana tambayarta.

Ƙanwarka,
Suwaiba


Tungar Lado

Zuwa ga Suwaiba

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Takardarki ta iso hannuna. Muna lafiya gwargwadon hali, Inna ce dai ƙafa ta matsa mata.

Na karanta abin da kika rubuta har ƙarshe, kuma ban ji daɗin harshen da kika yi mini ba. Ni ba azzalumi ba ne. Ni na wanke Sagir da hannuna, na ga abin da aka yi masa, ke ba ki gani ba. Kuma ki sani, akwai matasan da suka so abin da ya fi kora. Ni na tsaya tsakani har kuka fita da ranku. Ba don a gode mini na faɗa ba.

Kin ce mu sake dubawa. To ga abin da muka gani. Tun ranar da Imrana ya bar garin nan, ko magana ɗaya ba ta fita ba. Mun kai dawa Zurmi, mun dawo lafiya. Mun sauya wa shanu makwanci, ba wanda ya same su. Duk a zauren nan muka shirya, da mutanen nan dai na da, ban da shi. Ki auna wannan da hankalinki, ki ajiye son zuciya gefe. Ni kaina na so a ce ƙarya ne, domin na ci abinci da shi a ƙwarya ɗaya.

Batun baƙo kuwa, kada ki sake jefa shi cikin maganar nan. Bawan Allah ne da yamma ta yi masa a hanya, muka sauke shi kamar yadda iyayenmu suka saba. Ba a titsiye baƙo da tambaya, ba a kuma bincika kyauta kamar kayan sata. Fitilarsa tana nan tana amfanin jama'a, ba mu buƙatar a koya mana riƙonta.

Shawarata ita ce ki ɗauko Tani ku dawo gida. Ɗakinki yana nan. Ke ba ki da laifi, kowa ya sani. Shi kuwa tsakaninsa da Ubangijinsa.

Inna tana kuka kullum. Ki tausaya mata.

Wassalam,
Yayanki Muhtari


Kaura Namoda

Yaya Muhtari,

Salamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Inna. Na aiko mata man zafi wurin Dogo, a riƙa shafa mata da safe.

Ba zan dawo ni kaɗai ba. In na dawo, na sa hannu ke nan a kan abin da kunka ce. Ka ce tun da ya tafi magana ba ta fita ba. Ni ba ni da amsar wannan, Yaya, kuma ita ce take hana ni barci. Amma mutumin da nake shimfiɗa wa tabarma na san shi. Ranar da anka kawo gawar Sagir, bayan ɗaki ya tafi ya yi ta amai.

Maganar ta biyo mu har nan. Wani ɗan Zurmi ya gan shi a tasha ya nuna shi, shi ke nan, masu kaya sunka daina kiransa. Ya wuni tsaye da igiyarsa, ba mai ce masa zo. Ya tafi Badarawa wurin danginsa ko za su ba shi gona, sunka ba shi ruwa a zaure, sunka ce don Allah ya koma kafin a san ya zo, su ma suna tsoron abin da za a ce musu. Ya dawo bai ce mini komai ba, sai da na ji wurin Dogo.

Yanzu ni ke soya ƙosai bakin hanya. Shi kuwa zazzaɓi ya kwantar da shi, ga tari. Mun je asibiti an ba da magani, amma ba ya cin abinci, to ina magani zai kama? Da rana ba ya iya fita ko masallaci, wai kunyar idon mutane yake ji. Mutumin da ba ya wuce yaro bai yi masa wasa ba!

Abin da ya fi ci mini rai, na sa Tani Islamiyya. Malamin ya tambaye ta sunan mahaifinta, ta yi shiru, don ni na ce mata kada ta faɗa. Ni da bakina, Yaya. Ta dawo tana tambayata ko sunan babanta zagi ne. Ka gaya mini abin da zan ce mata, tunda kai ne mai hankali.

Har yau in Dogo ya zo, tambayarsa ta farko ita ce lafiyar Inna, ta biyu ko ana goge faifan nan.

Allah ya bayyana gaskiya muna da rai.

Suwaiba


Zurmi

Zuwa ga ƙanwata Suwaiba, da Malam Imrana

Assalamu alaikum. Sabis ya dawo, na sani, kuma ina da lambarku. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Bakina ba zai iya ba, shi ya sa na zauna nan tashar Zurmi nake rubutu kafin Dogo ya tashi.

Bayan sabis ya dawo da 'yan kwanaki, muka shirya a zaure cewa za a kai shanu tsallaken rafi. Aka jira su a can. An kora shanun gaba ɗaya, an harbi Ladan da ke rakiyarsu a cinya, Allah ya sa da sauran kwanansa. Gari ya rikice. Kowa yana kallon ɗan'uwansa, har aka fara raɗa sunan wani kuma. Ni dai na san Imrana yana Kaura.

Ana cikin haka fitilar ta mutu. Ba wanda ya kula da ita tun tafiyarsa, faifan ya yi baƙi, batirin ya kumbura. Yau da safe na kawo ta wurin Safwan mai gyaran waya. Da ya kwance bayanta sai ya tsaya, ya ce, "Baba, wa ya taɓa buɗe wannan?" Na ce ba kowa, kyauta ce. Ya nuna mini wani ɗan abu kamar kwalin ashana, an liƙe shi da gam a bayan batiri, an ja masa waya biyu. Ya ce wannan ba kayan fitila ba ne. Ya ɓamɓare shi, sai ga layin waya a ciki.

Ya gano lambar layin, ya haɗa abin da wani batiri, ya ce in fita waje da wayarsa in kira. Na kira. Bai yi ƙara ba, bai yi haske ba, ya ɗauka da kansa. Suwaiba, daga tsallaken titi na ji Safwan yana gyaran murya a cikin shagonsa. Na ji har ƙarar cokalin mai shayin da ke maƙwabtaka da shi. Ya ce duk wanda yake da lambar nan, ko daga ina, zai kira ya zauna ya saurara.

Fitilar nan a tsakiyar zaurena take rataye, bisa kawunanmu. Maganarmu ta daina fita ne don an yanke sabis a satin da muka kore ku, ba don Imrana ya tafi ba. Ni kuma na ɗauki wannan na rubuto miki a matsayin hujja.

Ni na karɓi fitilar da hannu biyu, na yi wa mai ita addu'a, na raka shi har bakin gari. Ni na rataye ta. Sagir a zaurena aka sayar da shi, kuma babu ɗan Adam ɗin da ya buɗe baki.

Zan kai abin wurin hukuma, daga nan in koma Tunga in nuna wa dattawa. Malam Imrana, ban san da wace fuska zan dube ka ba. Na roƙe ka don girman Allah ka yafe mini. Gonarka tana nan, ni zan yi mata sharar bana da hannuna. Ku faɗi rana, in zo da mota da kaina in ɗauko ku.

Mai neman gafararku,
Muhtari


Kaura Namoda

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iske ni cikin takaba. Ranar Talata ya cika, bayan la'asar. Tsohuwa mai fura ce ta nemo waɗanda sunka sallace shi, ba su cika sahu guda ba.

Batun yafiya, ya riga ka. Tun yana kwance ya ce in gaya maka zafin rashin Sagir ne ya sa ka, kada in riƙe ka. Ni tawa sai a hankali, kada ka matsa mini.

Kada ka zo da mota. Ranar Juma'a ka tsaya ƙofar masallaci, daidai inda ka tsaya wancan karon, ka ɗaga abin nan sama kowa ya gani, ka kira sunansa da ƙarfin da kunka kira shi.

Tun da anka ɗaura mana aure kunya ba ta bar ni na faɗi sunan nan ba ko sau ɗaya. Yau ga shi na rubuta maka: Imrana.

In ka yi, ka aiko Dogo ya gaya mini, don in ce wa Tani gobe ta faɗa wa malaminsu.

A gaida Inna.

Suwaiba